Ranar da Kotu Ta Wanke Mayyar Unguwarmu

A unguwarmu ta gindin dutse tsofaffin mata suna da yawa, amma mayya guda ɗaya muke da ita. Ba mu da famfo, ba mu da kwalta, wutar lantarki kuwa sai dai mu hango ta a gidajen ma'aikatan da aka turo daga Kano bayan an ba mu jiha. Amma mayya dai Allah ya hore mana, kuma muna ji da ita.

Iya mai dabino ake ce mata in tana kusa. In ta ba da baya, sai a rage murya a ce "waccan". Gidanta ne na ƙarshe kafin a shiga cikin duwatsu: ɗakin ƙasa ɗaya, da rumfa, da itatuwan dabinon da mijinta ya mutu ya bar mata. 'Ya ɗaya ta haifa. 'Yar ta yi aure a Kiyawa, ta rasu, ta bar ɗa namiji a hannun dangin ubansa. Hujjojin maitar Iya kuwa, kamar yadda aka karantar da mu tun muna ƙanana, su ne: idanunta jajaye ne, haƙoranta sun zube saura na gaba, bayanta ya ranƙwafe, tana magana ita kaɗai, kuma ta binne miji ta binne 'ya, ita ko ciwon kai ba a ji ta yi ba.

Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne Kaka, mahaifiyar babana. Ita ma idanunta jajaye ne, don hayaƙin murhu bai taɓa tambayar halin mace kafin ya shige mata ido ba. Haƙoranta ba su kai na Iya yawa ba. Magana ita kaɗai kuwa, har faɗa take yi da mutanen da suka daɗe a kabari. Miji ma biyu ta binne. Sai dai ita 'ya'yanta maza suna raye, suna zaune a unguwar, kuma ɗayansu, wato babana, malami ne mai makarantar allo. Saboda haka ita "tsohuwa mai albarka" ce, ana kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a. Sai da na girma na gane cewa a garinmu ba ido ake dubawa a gane mayya ba. Ƙofar gida ake dubawa, a ga ko akwai takalman maza.

Kaka ce take yi mana tatsuniya, kuma da wuya ta yi wadda babu tsohuwa a ciki. Ga wadda take zaune a bakin rafi tana roƙon 'yan mata su cuɗa mata baya, mai ladabi ta samu arziki, marar kunya ta koma gida da masifa. Ga wadda take kai gulma fada. Ga wadda take kiwon yara a ɗaki don ta yi miya da su. Na taɓa tambayarta: "Kaka, Iya mai dabino wacce ce a cikinsu?"

Ta ce, "Wadda za ta cinye ki in ba ki rufe bakin nan ba."

Gaskiya dai, a wancan lokacin babu wanda ya kai Iya jin daɗin zama a unguwar. In ta doso rijiya, layin mata sai ya dare, har a samu mai ja mata guga tana rawar jiki. Mahauci yana ganinta zai ɗora mata tsoka mai kyau a kan wadda ta zaɓa. Dabinonta yakan nuna ya zubo ƙasa ya wuni, yaran da suke iya sace ƙwai a ƙarƙashin kaza ba ta motsa ba, sai su bi ta nesa suna cewa "kurwata kur". Ko awaki ana ɗaure su kada su shiga gidan. Da masu awon filaye suka zo suna kafa turaku don sabuwar hanya, wani ya ja babbansu gefe ya yi masa raɗa. Har yau in ka bi ta nan za ka ga hanyar ta taho a miƙe, ta yi wata 'yar lanƙwasa ba dalili, sannan ta ci gaba. Mutumin da digirinsa, amma yana da 'ya'ya.

Ita ma Iya ta san abin da take da shi, kuma ba ta bari ya yi tsatsa. In ta ga an fara sakewa da ita, sai ta tsaya gaban mai goyo, ta ƙura wa jaririn ido, ta ce, "Kai, ɗan nan ya yi ɓulɓul." Shi ke nan. Uwar ta ruga gida neman tafarnuwa, Iya kuma ta samu zaman lafiyar da zai kai ta wata damina.

Ina ajin farko na sakandare zazzaɓi ya kwantar da ni, tsakiyar damina, lokacin da sauro yake cin kasuwarsa a kowane gida. Jikina ya yi zafi har na fara sambatu. Ni ban san abin da na faɗa ba. Waɗanda suke wurin sun ce kalma ɗaya nake ta maimaitawa: "Dabino, dabino."

Gwaggo, ƙanwar babana, tana zaune a bakin gado. Mace ce da Allah ya ba ta basirar gane abin da ba a faɗa ba. Ta tafa hannu ta yi salati.

"Kun ji ko? Yarinya ta kama suna!"

Mahaifiyata ta ce, "Anya, Gwaggon yara? Ko dai dabinon take sha'awa? Ta kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba."

"Sha'awa? Duk abin da ke duniya, ba ta ce tsire ba, ba ta ce fura ba, sai dabino? To zauna nan, kina kallo za a cinye miki 'ya."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kuma yana tafe yana ƙiba. Wata ta ce ta ga Iya ta kalle ni a rijiya. Wata ta ce an ga kurwata a cikin tulu, an rufe da faifai. Wani yaro ya rantse ya ji ina kuka a ƙoƙuwar dabino. Babana ba ya gida, ya tafi neman mai kemis. Gwaggo ta ja zugar mata da 'yan samari, wasu da sanduna, suka nufi gidan Iya. An ba ni labari cewa da suka isa, jaruman nan sai suka tsaya daga nesa, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Ita kuwa tana zaune tana tsince wake. Ta bar su suka gama ihu, ta rufe ƙwaryarta, ta ɗauki sandarta, ta shige gaba suna bin ta a baya kamar ita ta gayyato su.

Daga nan ni ma ina tunawa, don zazzaɓin ya ɗan sake ni. An shimfiɗe ni a tabarma a tsakar gida. Al'ada ita ce mayya ta tsallake wanda ta kama, sai kurwarsa ta koma jikinsa. Iya ta tsaya a kaina, ta dube ni, ta dubi tabarmar, ta dubi Gwaggo.

"Yanzu ni da ƙafar nan kuke so in tsallake wannan zabgegiyar? Ko kwata ba na iya tsallakewa. Sai dai wata ta riƙe ni."

Babu wadda ta motsa. Kowace ta sami abin kallo a ƙasa.

"To, ke mai baki," ta ce da Gwaggo, "zo ki riƙe ni. Ai ke kika ɗauko ni."

Haka Gwaggo ta matso, leɓenta yana ta motsi da duk addu'ar da ta sani da wadda ba ta sani ba, ta ba mayya kafaɗa. Iya ta ɗaga ƙafa da ƙyar tana nishi ta tsallake, aka juyo da ita ta sake. Da ta gama sai ta sunkuya, ta ɗora tafin hannunta a goshina. Hannun yana da sanyi, yana ƙanshin hayaƙi. Ta ce a hankali, "Sannu, 'yar nan." Sannan ta ɗago ta ce da mahaifiyata, "Ku jiƙa zane ku lulluɓe ta. Jikin nan ya yi zafi da yawa."

Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye dabino kaɗan a gefen tabarma, ta fita. Gwaggo ta sa muciya ta ture su cikin shara. Ina kallo, ina haɗiyar yawu.

Ba a jima ba babana ya shigo da mai kemis. Ya yi mini allurar kulorokwin, wadda ta sa na yi ta susa kamar mai ƙazuwa. Da babana ya ji abin da aka yi a gidansa, ya yi faɗa sosai, ya ce wannan jahilci ne kuma zalunci ne, ya tafi da kansa ya ba Iya haƙuri. Amma bayan 'yan kwanaki na miƙe, kuma unguwa ta yanke hukunci: tsallakewa ce ta yi aiki. Mai kemis da allurarsa ko a labarin ba a saka su ba. Na zama shaida mai tafiya da ƙafafunta. In na wuce sai a nuna ni: "Ga yarinyar Malam da aka ƙwato daga bakin waccan." Darajar Iya ta ƙaru. Mahauci ya fara haɗa mata da hanta.

Shekaru suka wuce, aka ƙaddamar da shari'a. Gemu ya sauko, wando ya ɗage, kowa ya zama mai fatawa, har da waɗanda ba su kai izu ɗaya ba. A lokacin ne jikan Iya, wanda ya tashi a Kiyawa, ya dawo Dutse ya buɗe shagon ɗinki. Saurayi ne mai natsuwa, ba ya rasa sahun gaba, ga hannu a kan keke. Ya ga 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi, ita ma ta gan shi, magana ta yi nisa. Sai Alhaji ya bincika asali. A majalisa, gaban jama'a, ya ce shi ba zai haɗa jini da mayu ba: uwar yaron ta sha a nono, shi ma ya sha a nonon uwarsa.

Yaro ya ji zafi. Ya ce yanzu zamanin shari'a ne, ba a ɓata wa mutum suna a kwana lafiya. Ya kai ƙara kotu. Da ya je ya gaya wa kakarsa, yana jiran ta sa masa albarka, sai ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Iya, sunanki zan wanke."

"Na ce maka ya yi datti ne?"

Bai fahimce ta ba. Mu ma a lokacin ba mu fahimta ba.

Alhaji ya ce yana da hujja, kuma hujjarsa ni ce. Haka aka aiko mini da sammaci ina kwalejin horon malamai, na zo da hijabina har ƙasa na zauna a benci kusa da Gwaggo, wadda ita ma aka kira. Kotun ta cika har tagogi. Mutanen da ko ɗaurin aure ba sa zuwa a kan lokaci, ranar sun riga masinja isowa.

Alƙalin siriri ne, mai tabarau, mai magana a sanyaye kamar wanda bai karya ba. Ya fara da Alhaji.

"Ka ce matar nan mayya ce. Ka taɓa ganin ta kama kurwa?"

"Allah gafarta Malam, ai ba a gani."

"To kai yaya aka yi ka sani?"

"Sananne ne."

Aka kira Gwaggo. Ta gyara mayafi, ta kwashe labari tun daga rijiya har zuwa tulu da faifai. Alƙali ya bar ta ta gama.

"Tulun nan, ke kika buɗe shi?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Cewa aka yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma."

Ya juya wajen masinja. "A duba waje, in kowa ya zo a shigo da shi."

Aka yi dariya, masinja ya tsawatar. Sannan aka kira ni. Alƙali ya tambaye ni abin da nake nufi ranar da na ce dabino. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban san na faɗa ba. Amma in na faɗa, to dabinon nake so. Har yanzu ma ina son sa." Ya tambaya ko an ba ni wani magani. Na ce an yi mini allura. Ya ce, a ranar? Na ce a ranar. Ya cire tabarau ya goge, ya dubi Gwaggo.

Daga ƙarshe ya juya ga Iya, wadda aka ba kujera saboda ƙafarta.

"Iya, tambaya ɗaya zan yi miki. Ke mayya ce?"

Kowa ya zaci za ta yi tsalle ta rantse. Sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har mutanen taga suka fara ja da baya. Na ga tana juya sandarta a hannu, tana kallon jama'ar da suka yi shekara da shekaru suna dare mata hanya. Sannan ta dubi jikanta. Yana tsaye cikin farar shaddar da ya ɗinka wa kansa don wannan rana, gumi yana bin wuyansa, idonsa a kanta.

Ta ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Ni tsohuwa ce kawai."

Ban taɓa jin an faɗi gaskiya da irin wannan baƙin ciki ba.

Alƙali ya ce Alhaji ya kawo hujja ko ya janye maganarsa a gaban jama'a. Hujja dai tana zaune a benci tana son dabino, don haka ya janye, ya nemi gafara, murya can ƙasa. Aka gargaɗi duk wanda ya sake jifan matar nan da wannan kalma. Mai unguwa ya sanar, liman ya maimaita. Jikan ya fito ana ta ba shi hannu. Gaskiya ta yi halinta, kowa ya koma gida da imani sabo fil.

Sati bai zagayo ba yara suka fara shiga gidan Iya. Da farko dabinon da ya zubo suke tsinta, suna waige. Da suka ga babu wanda ya mutu, sai suka koma jifa. Daga nan manyansu suka fara hawa. Awakin unguwa, waɗanda da alama su ma sun ji hukuncin kotu, suka cinye mata shanyar wake. A rijiya aka ce ta bi layi, ai kowa sauri yake yi. Mahauci ya tuna cewa tsohuwa marar haƙori ba ta da abin yi da tsoka. Ta gwada tsohuwar dabararta, ta tsaya gaban wata mai goyo ta ce ɗan ya yi ɓulɓul. Matar ta washe baki ta ce, "Wallahi kuwa, Iya, ci gare shi kamar ubansa."

Auren kuwa ba a yi ba. Alhaji ya ce shi ya yarda ɗari bisa ɗari babu maita, Allah ya tsare shi da saɓa wa shari'a, sai dai ya lura yaron yana da son kai ƙara, kuma shi ba zai iya da suruki mai kai mutane kotu ba.

Da na zo hutu na je gaishe ta. Na same ta a gindin dabino da tulin tsakuwa a gabanta, tana gadi. Jifanta ba ya wuce inuwar rumfa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba.

"Ke ce mai shaida."

"Ni ce, Iya."

"Duk karatun nan da ake cewa kina yi, ba a koya miki cewa 'na manta' ba?"

Na ce, "Iya, ai rantsuwa aka sa ni."

Ta yi tsaki. "Da can babu mai shigo mini gida, amma babu mai taɓa mini kaya. Yanzu ma babu mai shigowa don ni. To me aka ƙara mini?"

Na zauna na taya ta korar awaki har rana ta yi sanyi. Ta ba ni labarin 'yarta, yadda take da tsoron ƙadangare, da yadda ta iya kitso tun tana ƙarama. Duk zamana a unguwar ban taɓa jin wani ya ambaci 'yar nan ba sai a matsayin hujja.

Daga baya jikan ya samu mata a Taura, inda labarin bai kai ba, ya mai da shagonsa Kiyawa, ya zo da a-kori-kura ya kwashe kakarsa da tukwanenta. Ta yi ta faɗa har motar ta tashi. A can ta yi sauran kwanakinta, tana goyon tattaɓa kunne, kuma na ji an ce har ana kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a.

Da ta rasu muka cika mota daga unguwarmu muka tafi ta'aziyya. Gwaggo ta fi kowa kuka. Ta riƙe hannun jikan tana cewa, "Baiwar Allah ke nan! Ni dama ban taɓa yarda da maganar mutane ba." Matarsa ta kawo mana ruwa a kwanon sha da gumbar sadaka. Kowa ya sha ya gutsura. Da aka zo kan Gwaggo sai ta kau da kai, ta share hawaye, ta ce a yi mata uzuri, azumin nafila take yi.

Ni ce na zauna kusa da ita a mota tun daga Dutse. Ɓawon gyaɗar da ta ci a hanya yana nan maƙale a mayafinta.